Waiwaye: Yadda 'yan sandan Amurka suka fara tura matasa sayen barasa don kama masu shaguna

A jihar Kalifoniya ta Amurka, ba sabon abu ba ne a ga matashi ɗan shekara 18 ko 19 ya shiga kanti ya ɗauko kwalbar giya ya ajiye gaban mai karɓar kuɗi, alhali ɗan sanda cikin farin kaya yana tsaye a gefe kamar mai sayayya. Idan aka nemi katin shaidarsa aka hana shi, sai ya fita salin-alin. Idan kuwa aka karɓi kuɗinsa, zai dawo tare da jami'in ya nuna wanda ya sayar masa ido da ido. Wannan dabara tana da tarihi, kuma sai da ta bi ta gaban alƙalai kafin ta zauna da gindinta.

Bayan an soke dokar haramta barasa a faɗin ƙasar a 1933, an bar wa kowace jiha ikon tsara cinikinta, kuma akasarinsu suka tsayar da shekara 21 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai saye. Abin ya sauya a zamanin yaƙin Biyetnam, lokacin da aka rage shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18 a 1971, mutane suka riƙa cewa wanda ya isa a tura shi fagen daga ai ya isa ya sayi abin da yake so. Jihohi 29 suka sassauta, ba a jima ba kuma haɗuran mota na matasan da suka bugu suka ƙaru. A 1980 Candy Lightner, wadda wani direba mashayi ya kashe 'yarta mai shekara 13, ta kafa MADD, ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, kuma matsin lambar irinsu ne ya kai Shugaba Ronald Reagan ga sa hannu a dokar 1984. Dokar ba ta tilasta wa jihohi kai tsaye ba, sai dai ta ce duk jihar da ba ta koma 21 ba za a zaftare mata har kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gina manyan hanyoyi. Jihar Dakota ta Kudu ta kai ƙara Kotun Ƙoli ta sha kaye a 1987, zuwa 1988 kuma kowace jiha ta bi sahu.

To, amma rubuta doka daban, kiyaye ta a bakin kanta daban. Kalifoniya ba ta taɓa sauka daga 21 ba, duk da haka hukumar da ke ba da lasisin barasa a jihar ta ce a farkon wannan bincike na tura matasa shaguna har kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na shagunan da aka gwada sun sayar wa yara. Masu shaguna ba su yi shiru ba. Hujjarsu, wadda ba ta rasa nauyi, ita ce 'yan sanda na ɗana musu tarko, kuma suna sa yaro ya aikata abin da doka da kanta ta hana shi. A 1994 Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin kantuna na Provigo cewa ba mutum damar karya doka ba ɗaya ba ne da ingiza shi ya karya ta.

Ƙa'idojin da aka shimfiɗa bayan hukuncin su ne, a ganina, suka raba aikin da zalunci. Dole matashin ya kasance bai kai 20 ba, kuma kamanninsa su nuna ƙuruciyarsa, don kada a turo mai cikar gemu a ruɗi mai kanti. Ba zai riƙe katin bogi ba, ko dai nasa na gaskiya ko babu, kuma idan aka tambayi shekarunsa wajibi ne ya faɗi gaskiya. Saɓa ɗaya daga cikinsu kan isa mai shago ya kare kansa. Ma'aikacin da aka kama yana fuskantar tarar da ta fara daga dala 250 ko aikin yi wa al'umma hidima, shagon da aka kama sau uku cikin wata 36 kuma yana iya rasa lasisinsa ɗungurungum. Daga baya an ƙara wani salo, inda matashin ke tsayawa a ƙofar shago yana roƙon manya su sayo masa, wanda ya amsa kuma tarar dala 1,000 ce mafi ƙaranci a kansa.

Hukumar ta ce inda ake yin binciken a kai a kai, adadin masu saɓawa a wasu garuruwa ya faɗi zuwa kashi 10 ko ƙasa da haka. Sharaɗin "a kai a kai" ɗin shi ne ƙashin bayan zancen, domin wani nazari da aka yi a garuruwa 20 na tsakiyar ƙasar Amurka, aka wallafa a 2005, ya gano cewa a kantunan da ake saye a tafi da shi, tsoron da ziyarar 'yan sanda ke sakawa yakan gushe cikin wata uku, masu kanti su koma gidan jiya.