Renon Lemun Tsami a Tukunya

Lemun tsami mai rawayan ɓawo, wanda masana tsirrai ke kira Citrus limon, yana cikin itatuwan da ke iya shafe shekaru masu yawa a tukunya suna fure suna 'ya'ya. Ganyensa ba ya kaɗewa a shekara, kuma furensa na iya zama ɗa ba tare da wata bishiya a kusa ba.

Tarihi

Ana kyautata zaton asalinsa arewa maso gabashin Indiya ne, wasu kuma na cewa arewacin Bama ko ƙasar Sin. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna gauraye ne tsakanin lemun ɗaci da wani nau'i mai kaurin ɓawo, Citrus medica. Larabawa ne suka yaɗa nomansa a ƙasashen bakin Bahar Rum, wajajen shekarar 1000 zuwa 1150, har Ibn al-Awwam na Ishbiliya a Andalus ya ambace shi a littafinsa na noma, Kitab al-Filaha, a ƙarni na 12. A 1493 Kolombus ya kai irinsa tsibirin Hispaniola da ke yankin Karibiyan.

Sanyi ne ya shigar da shi tukunya. Bishiyar ba ta jure ƙanƙara, don haka masu hali a Turai suka riƙa dasa ta a manyan tukwanen ƙasa, a fito da ita lambu lokacin zafi, a mayar da ita ɗaki kafin hunturu. Gidan Medici, dangin da suka mulki birnin Fulorensa na Italiya, ya yi fice a wannan. Ɗakin ajiye lemo na lambun Boboli da ke Fulorensa an gina shi wajen 1777 zuwa 1778, kuma har yau ana amfani da shi. A Faransa, Sarki Louis na 14 ya sa an gina makamancinsa a fadar Versailles tsakanin 1684 da 1686, inda ake renon itatuwan a akwatunan katako.

Nau'in da ya fi karɓuwa a gidaje yanzu shi ne Meyer. Frank Meyer, ma'aikacin hukumar noma ta Amurka, ya samo shi kusa da Beijing a 1908, inda dama a tukwane ake renonsa don ado. Gajere ne, tsaminsa kaɗan. A shekarun 1940 aka gano yana ɗauke da tristeza, wata cuta mai kashe itatuwan lemo, ba tare da alama ba, aka sare da yawa, sai a 1975 Jami'ar Kalifoniya ta fitar da irin da aka tsarkake.

Dashe da kulawa

Dashen da aka yi wa aure ya fi, domin yakan fara 'ya'ya cikin shekara 2 zuwa 3. Wanda aka shuka daga ƙwaya kan ɗauki shekaru da yawa, kuma ba lallai ya gaji uwarsa ba. Duk tohon da ya fito ƙasa da gurbin auren cire shi ake yi.

Ruwa ne ya fi kashe lemun tukunya. Saiwarsa na buƙatar iska, idan ta daɗe a jiƙe sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, mai shi ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara zuba ruwa. Shi ya sa dole tukunya ta zama da huda a gindi, ƙasar kuma mai tsiyaye ruwa, mai ɗan tsami, awon pH 5.5 zuwa 6.5. Ana bari saman ƙasar ya bushe kamar santimita 3 zuwa 5, sannan a ba ta ruwa sosai har ya ɗigo ta ƙasa. Shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya tsohuwar al'ada ce da masana da dama ba sa goyon baya.

Yana son rana ta awa 6 zuwa 8 a yini, da taki mai yawan naitirojin. Sabon ganye mai rawaya da koren jijiya alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce. Bayan shekara 2 ko 3 ana sauya tukunya ko a rage saiwa a sabunta ƙasa. Daga fure zuwa nuna kan ɗauki wata 6 zuwa 9.

Ƙwari

Darɓa da ƙwarin da ke manne wa reshe su ne suka fi addabarsa. Akan wanke su da ruwan sabulu mara ƙarfi.