Waiwaye: Kuɗin ƙofa, daga Anfield zuwa gidajen kallon Sakkwato

A ƙofar gidan kallon da nake zuwa a Mabera akwai wani baƙin allo da ake jinginewa jikin bango. A sama ana rubuta wasannin ranar da alli, a ƙasa kuɗin shiga. Wurin kuɗin ya yi fari fat saboda yawan gogewa da sake rubutawa. Na fara shiga irin wannan wuri ina ɗan sakandare da Naira 20 a hannuna. Na ga 50, na ga 100, yau kuwa in babban wasa ne sai ka ajiye 300 kafin a ɗaga maka labule. Wata Asabar na iske wani ɗan kabu-kabu tsaye a bakin ƙofa, ɗari biyu a hannunsa, yana jayayya da mai gidan kallon.

"Haba Alhaji, wanga ƙari hwa? Makon jiya ɗari biyu munka biya."

"Ɗana, tahi ka tambayo kuɗin lita ka komo mu yi magana. In na bar shi ɗari biyu, injin ga ba ya kai mu hutun rabin lokaci."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Amma asalin wannan gardama ya girmi saurayin, kuma ba a Sakkwato aka faro ta ba.

Kafin 1989 ƙwallon Ingila na talaka ne. Ma'aikacin masana'anta da lebura a tashar jirgin ruwa su ne ke cika fili, a tsaye suke kallo bayan raga, kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Ranar 15 ga Afrilun 1989 aka yi turmutsutsu a filin Hillsborough da ke Sheffield, wanda ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Rahoton alƙali Taylor da ya fito a 1990 ya ce a cire wuraren tsayuwa a manyan filaye, kowa ya sami kujera. Alƙalin ya ja kunne cewa kada kujera ta zama dalilin korar waɗanda suka saba biyan kuɗin tsayuwa. An ɗauki maganar kujera, an bar jan kunnen. A 1992 manyan ƙungiyoyi suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya, suka sayar wa kamfanin talabijin na Sky haƙƙin nuna wasa a kan kusan Fam miliyan 304 na shekara biyar. Daga nan filin wasa ya koma kasuwa, tikiti ya riƙa hawa kowace kaka.

A daidai wannan lokaci ne ƙwallon ta shigo mana. Babayaro ya je Chelsea a 1997, Kanu ya je Arsenal a 1999, Okocha ya sauka Bolton a 2002, Mikel ya bi sawu zuwa Chelsea a 2006. Wanda duk ya san unguwannin Sakkwato zai iya gane shekarun mutum daga ƙungiyar da yake goyon baya: masu furfura a gemu yawanci 'yan Arsenal ne da Manchester, na bayansu Chelsea. Ɗan dish da dikoda sun fi ƙarfin gida ɗaya, sai mai ɗan jari ya kewaye fili da kwano, ya jera benci, ya kawo talabijin biyu da janareto. A 2007 kamfanin HiTV ya karɓi haƙƙin nuna Firimiya a Najeriya, masu gidajen kallo da yawa suka koma riƙon dikoda biyu don kada su rasa 'yan kallo, har SuperSport ta dawo da shi a 2010. Kowane sauyi irin wannan a kan allon ƙofa yake ƙarewa.

Can Ingila kuwa magoya baya ba su naɗe hannu ba, kuma wannan ɓangaren ne na fi so mu tsaya a kansa. A 2005, bayan iyalan Glazer, attajiran Amurka, sun sayi Manchester United, wasu magoya baya suka yi zuciya suka kafa tasu ƙungiyar, FC United of Manchester, wadda mambobi ne suka mallake ta. A 2008 'yan Liverpool suka kafa ƙungiyar Spirit of Shankly, da shugabanni da rajista da kuɗin mamba. A Janairun 2013 Manchester City ta mayar wa Arsenal tikiti sama da 900 da ba a saya ba, saboda an sa wa magoya bayan ƙungiyar da ta zo baƙunta Fam 62. Daga nan tarayyar ƙungiyoyin magoya baya ta fara fafutukar cewa Fam 20 ya isa ga wanda ya yi tafiya ya bi ƙungiyarsa. Abin da ya ba su ƙarfi shi ne, ɗan Liverpool da ɗan Manchester, waɗanda ba sa ga maciji, suka riƙe kyalle ɗaya.

Ranar 6 ga Fabrairun 2016 Liverpool na cin Sunderland biyu da nema a filinta na Anfield. Agogo na nuna minti 77, kimanin mutum dubu goma suka miƙe suka fice, saboda an ce tikiti mafi tsada a kaka mai zuwa zai kai Fam 77. Ina cikin gidan kallo a ranar, muna ta tambayar juna ko gobara ce ta tashi. Aka tashi wasa biyu da biyu. Ba a yi mako ba masu ƙungiyar suka nemi afuwa suka janye ƙarin. Bayan wata guda gasar Firimiya ta ƙayyade cewa tikitin baƙi ba zai wuce Fam 30 ba. Ba su sami 20 da suka nema ba, amma sun sami abin da babu ƙungiyar da za ta bayar don raɗin kanta. A Fabrairun 2016 ɗin dai magoya bayan Dortmund suka yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili a Stuttgart kan tsadar tikiti, duk da cewa a Jamus dokar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi. A Afrilun 2021 irin wannan haɗin kai ya taimaka wajen rusa gasar Super League, wadda wasu manyan ƙungiyoyin Turai suka so kafa wa kansu, cikin kwana biyu.

Ba a gama ba, don a ƙarshen 2024 Manchester United ta mayar da ragowar tikitocin kaka Fam 66, babu rangwame ga yara ko tsofaffi, aka sake fitowa da kyallaye.

Abin da ke ci mini rai shi ne, muna cikin wannan lissafi dumu-dumu amma ba a jin muryarmu. Kuɗin nuna wasa a cikin Ingila ya haura Fam biliyan 5 a yarjejeniyar 2016 zuwa 2019, kuma a zagayen 2022 zuwa 2025 abin da Firimiya ke samu daga ƙasashen waje ya zarce na gida a karon farko. Ƙasashen waje ɗin nan har da mu. Ɗari ukun ɗan kabu-kabu tana rabuwa: wani kaso gidan mai, wani kaso kuɗin dikoda, daga can kuma ta bi hanya har ta isa Landan. Kamfanin da ke nuna wasan da Dala yake sayen haƙƙi, mu kuma da Naira muke biya. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi farashinta. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta wuce 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Babban tsarin DStv da yake 24,500 a tsakiyar 2023 ya kai 44,500 a Maris ɗin 2025. A garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ga rufin kwano, ga mutum ɗari a matse, fanka ba ado ba ce, kuma wuta ba abin dogaro ba ce. Mai gidan kallo ba Glazer ba ne. Shi ma a matse yake, shi ya sa ficewa a minti 77 ba za ta yi mana maganin komai ba.

Ƙungiyoyin magoya baya muna da su, kada a ce babu. Akwai 'yan Chelsea na unguwa kaza, akwai 'yan Barcelona da Madrid, da shugaba da ma'aji. Na ga an haɗa kuɗi an yanka sa daren da Chelsea ta ɗauki kofin Zakarun Turai a 2012, an raba nama har ga 'yan adawa. Zumunci ne mai kyau, suna zuwa suna da biki da ta'aziyyar juna. Sai dai tarukan na murna ne da zolaya, ba a cika zama kan kuɗin ƙofa ba, ko kan wayoyin wuta da ke rataye a saman kawunanmu. A Afrilun 2017 wayar lantarki ta faɗo kan wani gidan kallo a Kalaba ana kallon Manchester United da Anderlecht, mutane suka mutu. Mun yi jimami, muka koma benci ƙarƙashin irin wannan rufin.

Filin wasa na Giginya da ke nan Sakkwato kuma matsalarsa daban ce. Sokoto United, kamar yawancin ƙungiyoyin ƙasar nan, ta gwamnatin jiha ce. A ƙwallonmu na gida ba tsadar tikiti ce damuwa ba, rashin ɗaukar tikitin da muhimmanci ne. An saba wani babba ya ce a buɗe ƙofa kyauta, an saba masu ganga da kakaki su jira a ba su mota da na abinci. Wanda bai biya ba yana jin nauyin tambayar inda kuɗi suka tafi, ko me ya sa albashin 'yan wasa ya makara. Kano Pillars ta daɗe da nuna cewa ɗan Arewa zai cika fili don ƙungiyar garinsu, saboda haka ba son ƙwallon gida muka rasa ba.

Bayan waccan Asabar, wasu daga cikinmu, 'yan Arsenal da Chelsea da Manchester, muka sami Alhaji bayan La'asar muka roƙe shi ya nuna mana lissafinsa. Ya ɗauko wani littafin makaranta mai bango ja, ya buɗe: kuɗin dikoda na wata, litar da injin ke sha a wasa ɗaya, haya, yaron da ke tsaron ƙofa, gyaran fanka. Muka duba muka yi shiru, don abin da ke rage masa bai kai yadda muke zato ba. Aka daidaita cewa mu ashirin da wani abu za mu riƙa biyan kuɗin wata tun farkon wata, ya sami na dikoda ba tare da cin bashi ba, shi kuma ya bar ƙananan wasanni a ɗari biyu, 'yan makaranta su biya rabi. Maganar sola ma ta taso, amma kuɗinta ya fi ƙarfinmu a bana. Ɗan kabu-kabun nan shi muka ba riƙon littafin karɓar kuɗi, kuma shi ya ƙara sabon layin da ke ƙasan allon da hannunsa.