Farfaɗiyar da ta ƙi jin magani: me ake nufi da maganin ƙwayoyin gado?

Wace farfaɗiya ce ake cewa ta ƙi jin magani?

Likitoci ba sa faɗin haka sai an gwada magunguna biyu da suka dace, an sha su yadda ya kamata, amma faɗuwar ba ta tsaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke fama da farfaɗiya, kuma wajen kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai, ragowar kashi 30 ɗin nan su ake magana a kansu. Wanda ya sha maganin farfaɗiya irin su Tegretol sati biyu ya ajiye don kuɗi sun ƙare ko don an ce masa iska ce, wannan fa bai shiga lissafin ba, kuma wallahi irinsu suna da yawa a wajenmu. Don waɗanda tasu ta ƙi jin magani ne masana ke gwada wata hanya, su dasa ƙwayar gado, wato umarnin da jiki ke bi wajen ƙera sassansa, a cikin ƙwaƙwalwa don ta ƙara hanyoyin fitar sinadarin fotasiyam.

To ina ruwan fotasiyam da ƙwaƙwalwa?

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da lantarki suke magana da juna. Sinadarin sodiyam ya shiga ƙwaya sai ta harba saƙo, fotasiyam ya fita ta wasu ƴan ƙofofi sai ta lafa. A farfaɗiya wani gungu ne ke rikicewa su riƙa harbi tare ba tsayawa. Kamar unguwa ce a damina, in magudanan ruwa sun yi kaɗan ambaliya za a yi, shi ya sa masana suka ce to bari mu ƙara magudanan. Ƙofar da suka zaɓa sunanta Kv1.1, ƙwayar gadon da ke ƙera ta kuma KCNA1.

Ta yaya ake kai ta can ciki?

Ana ɗaukar birus a cire masa abin da ke sa cuta, a loda masa ƙwayar gadon, sannan a yi allurarsa daidai wurin da farfaɗiyar ke tashi. Nan ne abin ya burge ni, sabida maganin sha ko'ina yake bi a ƙwaƙwalwa, shi ne ma yake kawo jiri da barci da mantuwa, amma wannan ɗan gurbin kawai yake taɓawa, kuma fatan shi ne allura ɗaya ta isa. Ga wanda wurin da ciwon ke tasowa ya maƙale da sashen magana ko na motsa hannu, likita ba zai iya yanke shi da tiyata ba, to ka ga irin wannan mutumin shi ya fi buƙatar hanyar nan.

Ya yi aiki kuwa?

A ɓeraye, e. Masu bincike a jami'ar UCL da ke Landan, su Dimitri Kullmann da Stephanie Schorge, sun nuna a 2012 cewa ya rage faɗuwa a ɓeraye. A 2022 Gabriele Lignani da abokan aikinsa suka ƙara masa wata dabara, ƙwayar gadon ba ta tashi sai ƙwayar ƙwaƙwalwa ta fara wuce gona da iri, in ta lafa ita ma sai ta kwanta.

Akwai haɗari?

Akwai mana. Abin da aka dasa a ƙwaƙwalwa ba kamar ƙwayar magani ba ne da za ka ce gobe na daina sha. Shi ya sa aka tsara gwajin farko a kan mutanen da dama za a yi musu tiyatar cire wurin, in matsala ta taso sai a yanke shi gaba ɗaya.