Kamala a rubutun Alƙur'ani da ka: tambayoyin da aka dame mu da su

Gardawa daga tsangayun Maradi da Tibiri kullum tambayoyin nan ne. Ga amsa, a daina maimaitawa.

Shin akwai rubutun da ya cika, babu aibi?

Ta fuskar nassi akwai, domin yana da ma'auni: surori 114, izu 60, kowane harafi da wasali a mazauninsa. Kyawun hannu kuwa ba shi da awo, ido da ido ne.

To ba an ce ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba?

An ce. A kan halin mutum aka faɗa. Kada rago ya fake da ita ya bar mana aya da giɓi.

Na ga "Maliki" a Fatihar wani kwafi, "Maaliki" a ta wani. Wa ya yi kure?

Babu. Na farko ruwayar Warshu ce, na biyu ta Hafsu, hanyoyin karatu ne guda biyu. Warshu muke rubutawa: fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Ka riƙe ruwaya guda, kada ka gauraya.

Na gama, sai na tsinci kuskure a tsakiya. In kankare ko in sake?

Kwantar da hankalinka, alaramma, wannan ya dogara. In wasali ne na jan tawada, kuma takardar mai kauri ce, ana kankarewa da reza a kwance, sannu-sannu, a murje wurin ya yi santsi kafin a maida. In ba a murje ba, tawada za ta bazu. Takarda marar kauri, ko wadda ta sha danshin damina, kada ka taɓa ta, hujewa za ta yi. In kalma ɗaya ta faɗi, wasu gwanaye sun yarda a sa alama a rubuta ta a gefe, wasu ba su yarda ba, sai ka tambayi wanda zai duba maka. Amma in ayoyi masu kama da juna suka ja ka, kamar inda Baƙara ta gabatar da "wadkhulul baba sujjadan" a kan "wa ƙulu hiɗɗatun", A'arafi kuma ta juya su, a nan a ganina babu faci. Zare warƙar, wato fallen takardar, gaba ɗaya, ai shi ya sa ba a ɗinke takardun. Sai dai sabuwar ta fara inda tsohuwar ta fara, ta tsaya inda ta tsaya, kuma ka dama tawada da ƙaro daidai da na farko, in ba haka ba shafi ɗaya zai yi ƙyalli ya fita daban.

Zan iya duba wa kaina?

A'a. Idonka abin da ke kanka yake karantawa. Kai wa wani gwani, in da hali biyu.

Wanda ya rubuta sau ɗaya ba kure ya kammalu ke nan?

Wancan kwafin ya kammalu. Shi kuwa in ya bar tilawa wata uku, ka zo ka ja masa baƙi ka ji.