Ma'anar Tafiyar Bishara ta Gajeren Lokaci

Tafiyar bishara ta gajeren lokaci, wadda wasu ke kira aikin mishan na ɗan lokaci, ita ce tafiyar da Kirista ɗaya ko ayarin Kiristoci suke yi zuwa wata ƙasa domin su yi hidima da sunan bangaskiyarsu, sa'annan su koma gida su ci gaba da sana'arsu ko karatunsu. Yawanci ba ta wuce mako ɗaya ko biyu, ko da yake ƙungiyoyin mishan da dama suna sanya duk hidimar da ba ta haura shekara ɗaya ko biyu ba a cikin wannan rukuni. Masu yin ta ba ƙwararrun 'yan mishan ba ne. A cikinsu akwai ɗalibai masu hutun makaranta, da ma'aikatan jinya, da magina, da malamai, da fastoci, da dattawan da suka yi ritaya, kuma a mafi yawan lokuta su da kansu suke nemo kuɗin jirgi da na masauki da na abinci.

Wanda ya san tarihin mishan a arewacin Nijeriya zai ga bambancin nan take. Lokacin da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas a shekarar 1893 da nufin shiga cikin ƙasar Sudan (sunan da ake kiran yankin kudu da Sahara a lokacin, har da arewacin Nijeriya), wato tafiyar da ta zama mafarin ƙungiyar mishan ta SIM, sun zo ne da niyyar zama, kuma Gowans da Kent sun rasu a 1894 ba tare da sun sake ganin gida ba. Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta Anglikan, wato CMS, ya zauna Zariya tun daga 1905, ya laƙanci Hausa har ya zama jigo a fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932. Irin waɗannan mutane sukan yi makonni a teku kafin su iso, su shekara suna koyon harshe kafin su iya tsayawa gaban jama'a, su haifi 'ya'ya a nan, wasu kuma a binne su a nan. Mai tafiyar gajeren lokaci kuwa yakan sauka da tikitin komawa a aljihunsa, kuma kusan duk abin da ake yabawa ko ake kushewa game da wannan tafiya daga nan ya samo asali.

Al'adar ta yi ƙarfi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jirgin sama ya mayar da tafiyar makonni ta zama ta sa'o'i. A 1957 wani matashi Ba'amurke mai suna George Verwer ya tafi Meksiko da abokansa biyu a lokacin hutu suna rarraba littattafan bishara, kuma daga wannan tafiya ne ƙungiyar Operation Mobilisation ta taso. A 1960 Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission bisa ra'ayin cewa matasa za su iya fita hidima ba sai sun gama makarantar tauhidi ba. Bayan haka ikilisiyoyi ɗaiɗaiku suka karɓi abin, kowace tana shirya nata ayarin ba tare da ta bi ta hannun wata babbar ƙungiya ba. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow na Jami'ar Princeton ya ƙiyasta a tsakiyar shekarun 2000 cewa kimanin mutum miliyan 1.6 daga majami'un Amurka ne suke fita irin wannan tafiya zuwa ƙasashen waje a kowace shekara. Galibinsu maƙwabta suke zuwa, irin su Meksiko da Gwatamala da Honduras da Haiti, saboda kusa ne kuma kuɗin jirgi da sauƙi. Majami'un Koriya ta Kudu ma sun shahara ƙwarai da tura matasansu.

Masu shirya tafiyar sukan kafa hujja da umarnin Yesu a Matiyu 28:19-20 na a je a almajirtar da dukan al'ummai, da kuma Luka sura 10, inda ya aiki almajirai biyu biyu zuwa garuruwa suka kuma dawo suka ba da labari. Sukan ambaci Bulus da Barnaba, waɗanda ikilisiyar Antakiya ta ɗora wa hannu ta sallama, suka dawo suka tara 'yan'uwa suka faɗi abin da Allah ya yi. Hujjar tana da ƙarfi, amma akwai abin da ake yawan tsallakewa a cikinta. A Luka 10 an umarci waɗanda aka aika su zauna a gida ɗaya, su ci abin da aka sa a gabansu, wato su dogara ga mai masaukinsu. Bulus kuma yana jin Girkanci, harshen garuruwan da ya shiga, ya yi shekara ɗaya da rabi a Korinti da kimanin shekara uku a Afisa, ya kuma riƙa rubuta wa ikilisiyoyin wasiƙu bayan ya tafi.

Shirin tafiyar yakan fara watanni kafin ranar tashi. Wanda zai tafi yakan rubuta wa dangi da abokai da 'yan ikilisiya wasiƙar neman tallafi da addu'a, wani lokaci kuma matasa su yi sayar da abinci ko wankin motoci don cike giɓin. Ana neman fasfo da biza, a yi allurar shawara idan ƙasar da za a je tana buƙatar katin shaidarta, a tanadi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ayarin da ya san abin da yake yi yakan zauna sau da yawa yana koyon gaisuwa da sutura da abin da ake ƙyama a ƙasar da zai ziyarta. A Lahadin ƙarshe a kira su gaban jama'a a yi musu addu'ar sallama. Idan sun isa, aikin yakan kasance gini ko fenti, ko koyar da yara labaran Littafi Mai Tsarki, ko duba marasa lafiya da raba magani, ko horar da shugabannin ikilisiya, ko wa'azi ta bakin tafinta. Bayan dawowa sai a ba da rahoto da hotuna a majami'a.

Inda wannan tsari ya fi yin amfani shi ne inda akwai aiki tsayayye da baƙon zai shiga ya cike wani gurbi da aka riga aka sani. Asibitin Galmi da ke kudancin Nijar, wanda SIM ta buɗe a 1950, ya daɗe yana karɓar likitoci da ma'aikatan jinya masu zuwa na makonni ko watanni, su kama aiki tare da ma'aikatan da suke can dindindin, waɗanda suke jin Hausa kuma su ne za su ci gaba da duba majinyacin bayan baƙon ya tafi. Haka ma ƙungiyar Mercy Ships, wadda Don Stephens ya kafa a 1978, take tafiyar da asibiti a cikin jirgin ruwa da hannun 'yan sa kai, kuma jiragenta sun tsaya a Kwatano da Duwala da Konakiri da Dakar da Firitawun ana yin tiyata kyauta. Likitan tiyata da ya ba da mako biyu a irin wannan wuri ya kawo abin da ake matuƙar nema, kuma akwai wanda zai warware ɗinkin bayan ya hau jirgi.

Matsalar takan fito ne idan ayarin ya kawo aikin da mutanen gari suka fi shi iyawa. Bayan guguwar Mitch ta ragargaza Honduras a 1998, majami'un Amurka da Kanada sun tura ayari ayari don gina gidaje. Kurt Ver Beek, malamin zamantakewa a Kwalejin Calvin ta Amurka a lokacin, wanda yake zaune a Honduras, ya bi sawun wannan aiki, ya gano cewa ayarin baƙi yakan kashe kimanin dala 30,000 a tafiyar da za a gina gida ɗaya, alhali ƙungiyar Kiristocin ƙasar tana gina irinsa da kimanin dala 2,000. Bai kuma ga wani bambanci mai ɗorewa ba tsakanin iyalan da baƙi suka gina wa gida da waɗanda 'yan ƙasa suka gina wa. Lissafin a fili yake, kuɗin gida ɗaya na baƙi zai iya tsayar da gidaje 15, ya kuma ba magina da leburorin gari aikin da za su ci abinci da shi. Wannan lissafi ne da ya kamata kowane kwamitin mishan ya yi kafin ya sayi tikiti, domin kuɗin baikon ikilisiya amana ce.

Batun gidajen marayu ya fi wannan zafi. Ziyarar marayu tana daga cikin abubuwan da matafiya suka fi so, amma masu aikin kula da yara sun daɗe suna gargaɗin cewa mafi yawan yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su. Inda baƙi ke zuwa da kuɗi, akwai masu buɗe gidan marayu don kuɗin, su bi ƙauyuka suna karɓo yara da alkawarin makaranta. Yaron kuma da ya shaƙu da wata baƙuwa a mako guda ta tafi, wata ta zo ta tafi, ana koya masa ne cewa duk wanda ya nuna masa ƙauna zai bar shi. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010 an kama Amurkawa 10 'yan Baptis, galibinsu daga jihar Idaho, suna ƙoƙarin tsallaka iyaka zuwa Jamhuriyar Dominika da yara 33 ba tare da takardun izini ba, daga baya kuma ya bayyana cewa da yawa daga cikin yaran suna da iyaye. A 2018 Ostareliya ta amince cewa safarar yara zuwa gidajen marayu nau'i ne na bautar zamani. Kyakkyawar niyya ba ta hana ko ɗaya daga cikin wannan ɓarna ba.

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wanda ya yi kwana goma a gari bai san wane ne mai gaskiya ba da wanda ya iya baki, bai san rigimar da ke tsakanin unguwanni ba, kuma idan jama'a suka ɗaga hannu bayan wa'azinsa ba zai iya tantance wanda ya gaskata da wanda yake girmama baƙo kawai ba. Shi ya sa ya kamata a yi hattara da adadin tubabbu da ake kawowa a rahoto. A wuraren da Kirista da Musulmi suke zaman maƙwabtaka, kalma ɗaya ta rashin ladabi daga bakin baƙo tana iya ɓata zumuncin da faston gari ya shafe shekaru yana ginawa, kuma shi ne za a bari da ita. Haka nan ɗaukar hoton majinyaci ko yaro mai yunwa a watsa a Facebook ba tare da izini ba cin mutunci ne, kamar yadda bai halatta ɗalibin da bai gama karatun likita ba ya yi a baƙuwar ƙasa abin da doka ta hana shi yi a ƙasarsa.

Akwai kuma haɗari ga rai. A Yulin 2007 'yan Taliban sun kama 'yan Koriya ta Kudu 23 daga wata ikilisiyar Presbiteriya a lardin Ghazni na Afghanistan, suka kashe biyu, aka saki sauran bayan makonni ana tattaunawa. A Oktoban 2021 wani gungun 'yan bindiga a Haiti ya sace mutum 17 na ƙungiyar Christian Aid Ministries, har da yara, a kan hanyarsu ta dawowa daga ziyarar wani gidan marayu. Ƙasashe da dama kuma ba su yarda a yi wa'azi da bizar yawon buɗe ido ba, kuma idan hukuma ta fusata, baƙon korarsa kawai za a yi, masu masaukinsa ne za su amsa tambayoyi.

Duk da haka ban ga dalilin yin watsi da tafiyar ba, sai dai a faɗi gaskiya game da wanda ya fi cin moriyarta. Sau da yawa matafiyin ne. Matashin da bai taɓa fita ƙasarsa ba yakan ga ikilisiyar da ke sujada a ƙarƙashin rumfa da farin cikin da bai saba gani ba, ya gane cewa jikin Almasihu, wato dukan masu bi, ya fi majami'arsa faɗi, kuma da yawa daga cikin 'yan mishan na dindindin ta wannan ƙofa suka shigo. Amma binciken Ver Beek ya nuna cewa ɗokin yakan dushe, har bayarwar matafiyan ba ta ƙaru wani abin kirki ba bayan sun koma. Ke nan canjin ba ya tsayawa da kansa sai ikilisiyar gida ta ci gaba da rainonsa.

Yau ba daga Turai da Amurka kaɗai ake fita ba. Ƙungiyar EMS, reshen mishan na ECWA, wadda ta fara a 1948, da ƙungiyar mishan ta CAPRO da aka kafa a Zariya a 1975, sun daɗe suna tura 'yan Nijeriya hidima a ciki da wajen ƙasa, kuma matasan majami'u da ƙungiyoyin ɗalibai sukan tsallaka zuwa Nijar ko Kamaru ko Chadi ko Benin a lokacin hutu. Mai jin Hausa da ya je Maraɗi yana da gatan da Bature ba shi da shi, tun da ba ya buƙatar tafinta kuma ya san yadda ake gaida dattijo. Sai dai tambayoyin da ake yi wa ayarin Amurka su ne za a yi masa. Ikilisiyar da ke can ce ta gayyace shi, ko shi ya gayyaci kansa? Ita ta zaɓi aikin, kuma akwai ɗan gari da za a iya biya ya yi shi? Wa zai ciyar da ayarin, ganin cewa mai masauki matalauci zai iya cin bashi don kada ya ji kunyar baƙi? Ayarin da ke komawa gari ɗaya shekara bayan shekara, yana aiki a ƙarƙashin faston wurin, yana tura kuɗi tsakanin ziyara da ziyara, yana kuma gayyatar mutanen can su ma su zo su yi masa wa'azi, ya fi ayarin da ke sauya ƙasa kowace shekara amfani nesa ba kusa ba.