Tsarin batir mai sauƙi na tayar da injin jirgin ruwa

Tsarin batir mai sauƙi shi ne a keɓe batir guda ɗaya don tayar da injin jirgi, a bar injin ya riƙa mayar masa da caji, a kuma cire duk wata waya da ba ta da aiki. Masu jiragen haya da na kamun kifi a Tafkin Chadi, da kogunan Shari da Logon, da tafkin Lagdo da aka datse a kan Binuwai a 1982, sun fi kowa buƙatarsa, domin wanda injinsa ya ƙi tashi a tsakiyar ruwa ba shi da makaniken da zai kira.

Yawancin ƙananan injuna na bayan kwale-kwale, irin su Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40, da igiya ake tayar da su. Manya ne ke da sitata, wato motar lantarki mai juya inji ya tashi, kuma sitata na zuƙar wuta mai yawa cikin daƙiƙu kaɗan. Batirin da ake sa mata mai volt 12 ne, mai ɗakuna shida na dalma da ruwan asid. Idan ya cika ya huta, awo na nuna volt 12.6, idan ya sauka 12.2, kusan rabi ya tafi. Da inji ya tashi, maganaɗisun da ke jikin fulawil, wato faifan ƙarfe mai juyawa da inji, na haifar da wuta a naɗin waya, na'urar da ake kira rektifaya ta daidaita ta don cajin batir, awo ya hau tsakanin 13.8 da 14.4. In bai hau ba, caji ba ya shiga.

Abin da ke kashe batirin jirgi shi ne lodi. Cajin ƙaramin inji ba ya wuce 'yan amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana), amma sai a rataya masa fitilar dare, da rediyo, da wayoyin fasinja goma daga Bilanguwa zuwa Darak a yankin Tafkin Chadi. Gari na wayewa a murɗa makulli, a ji “ƙas”, shi ke nan. Maganin shi ne a ba waɗannan kaya nasu batirin da faifan sola, kada a haɗa su da na inji ko kaɗan. Akwai makunni mai zaɓar batir na ɗaya, na biyu, ko duka, amma mantuwa ɗaya a kan “duka” ta isa ta zuƙe su tare.

Waya biyu masu kauri, gajeru, ja da baƙa, da makunni ɗaya na yanke wuta, da fis kusa da kan batir ga kowace ƙaramar waya: wannan ya wadatar. Kan batir ya kan yi farin gari ko tsanwa saboda laima. A kankare shi, a ɗaure da sifana, a shafa giris. Ba a cire kan batir inji na aiki, domin hakan na ƙona rektifaya.

Zafi ma abokin gaba ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kusuri da Njamena kan haura digiri 40, ruwan batir ya ƙafe da wuri. A ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na kogi ba, a ajiye shi cikin akwati mai iska, ɗaure, sama da inda ruwa ke taruwa a cikin jirgi, nesa da jarkokin fetur. Igiyar tayarwa kuma a bar ta a jirgi.