Turanci da digiri a ƙasar Sin: abin da doka ta ce da abin da aka ƙara mata

Tun watan Satumba na 2023 ake ta juya wani labari a kafafen sada zumunta, ya lafa ya sake tasowa: wai ƙasar Sin ta soke Turanci a jami'o'inta, ɗalibi zai shiga ya fito da digirinsa ko da bai san kalma ɗaya ba. Masu yaɗa shi sukan ɗora da cewa mu ma haka ya kamata mu yi. Akwai kuma wani labarin da ke bin bayansa, wai duk ɗalibin da aka kama da satar amsa a jarrabawar Turanci a can, shekara bakwai zai yi a gidan yari. Kowanne daga cikinsu akwai ƙwayar gaskiya a ciki, amma an yi musu ƙari har sun sauya kama. Tunda yaranmu na tafiya karatu Sin, iyaye kuma na tambaya, gara a warware zare da abawa.

Jarrabawar da ake magana a kanta sunanta CET, wato jarrabawar Turanci ta ƙasa da ɗaliban jami'a ke yi, kuma mataki biyu ce: mataki na huɗu da aka fara a 1987, da na shida da ya biyo baya a 1989. Sau biyu ake yin ta a shekara, Yuni da Disamba, a ranar Asabar, mataki na huɗu da safe, na shida da yamma. Ta ɗaliban da ba Turanci suke karantawa ba ce, wato masu injiniyanci da likitanci da shari'a da sauransu. Masu nazarin Turancin kansa suna da tasu daban mai suna TEM. Ɗaliban ƙasashen waje, irin namu, galibi ba ita ake nema a wajensu ba. Su Sinanci ake auna musu. Ƙa'idar ma'aikatar ilimi ta 2018 ta ce wanda ya yi karatunsa da Sinanci ya kai mataki na biyar a ma'aunin iya Sinanci kafin ya gama, wanda ya yi digirin farko da wani harshe ya kai na huɗu, mai digiri na biyu ko na uku kuma ya kai na uku. Uban da ɗansa ke can, wannan ce ta shafe shi.

Nauyin CET kusan duka a kan kalmomi yake. Manhajar jarrabawar tana da jerin kalmomi sama da 5,000, kuma haddace su ake yi. Wanda ya shiga jami'ar Sin a ƙarshen Nuwamba zai ga ɗalibai tun da sanyin safiya a kan matakalar laburare, kowa cikin rigar sanyi, da ƙaramin littafin kalmomi a hannu ko manhaja irin Baicizhan ko Shanbay a waya, suna ta maimaitawa a bayyane kamar masu tilawa. Ranar jarrabawa a jami'o'i da yawa kowa da abin sauraronsa a kunne yake shiga, domin ta rediyon makaranta ake watsa sashen sauraro. Sauraro kashi 35 ne cikin ɗari na maki, karatu da fahimta 35, rubutu 15, fassara 15. Fassarar nan ita ce ke tona asirin mai hadda kawai: za a ba ka sakin layi da Sinanci kan tarihi ko al'ada ko tattalin arzikin ƙasar, a ce ka mayar da shi Turanci cikin minti 30.

To me ya faru a 2023? Jami'ar Xi'an Jiaotong da ke lardin Shaanxi, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in ƙasar, ta fitar da sanarwa cewa ta daina ɗaure kammala karatu da ba da digirin farko da sakamakon CET ko wata jarrabawar Turanci makamanciyarta. Shi ke nan. Jami'a ɗaya ce ta yi magana a kan ɗalibanta. Ba gwamnati ba ce, ba majalisa ba ce, kuma ba ta cire darussan Turanci daga cikin kwasa-kwasan da ɗalibi zai ci ba. Ba ita ce ma ta fara ba, wasu jami'o'in sun riga ta ba tare da an yi surutu ba. Abin da ya sa tata ta yi amo shi ne lokacin da ta zo. A Yulin 2021 gwamnati ta taka wa kamfanonin darasin bayan makaranta birki, a shekarar kuma wani ɗan majalisar ba da shawara ya nemi a cire Turanci daga manyan darussan 'yan makaranta. Sai mutane suka haɗa su duka suka yi labari ɗaya. Amma matakin 2021 yaran firamare da ƙaramar sakandare ya shafa, shawarar ɗan majalisar kuwa ba ta zama doka ba.

Inda ake rikicewa sosai shi ne a nan: ba a soke wata doka ba, domin babu dokar ƙasa da ta taɓa cewa sai ka ci CET za ka samu digiri. Dokar digiri ta 1980 ba ta ambaci Turanci a sharuɗɗan digirin farko ba. Sabuwar da majalisar ƙasar ta zartar a Afrilun 2024, ta fara aiki 1 ga Janairun 2025, ita ma ba ta ambace shi ba. Abin da ta nema shi ne ɗalibi ya riƙe tushen fanninsa da kyau, ya kuma nuna zai iya fara bincike ko aiki a cikinsa. Tun 2005 ma'aikatar ilimi ta fito fili ta ce ita ba ta taɓa umartar a haɗa CET da digiri ba.

In haka ne, ta yaya aka yi shekaru ana hana ɗalibai digiri saboda ita? Amsar tana cikin wani sashe da mutane ba sa lura da shi. Doka ta faɗi sharuɗɗa a dunƙule, sannan ta bar wa kowace jami'a ta rubuta nata ma'aunin dalla-dalla. Ta wannan ƙofar jami'o'i da yawa suka shigo da CET. Sai a haɗa da wani abu da ba mu saba da shi ba: a Sin takarda biyu ɗalibi ke karɓa in ya gama. Akwai shaidar kammala karatu, mai nuna ya yi shekarunsa ya ci kwasa-kwasansa. Akwai kuma shaidar digiri, ita daban. Yana yiwuwa a ba mutum ta farko a riƙe ta biyu. Ya gama jami'a, amma ba shi da digiri, kuma wuraren aiki da yawa duka biyun suke tambaya.

An kai wannan magana kotu. Wani ɗalibi a birnin Wuhan da ya gama karatu a 2007 bai ci mataki na huɗu ba, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Huazhong ta ƙi ba shi digiri, ya shigar da ƙara. Hujjarsa mai ƙarfi ce a ido: dokar ƙasa ba ta sa wannan sharaɗi ba. Ya faɗi a kotun farko, ya faɗi a ɗaukaka ƙara. Alƙalai suka ce jami'a na da 'yancin tsara ma'aunin iliminta muddin bai saɓa wa doka ba, kuma ba aikin kotu ba ne ta yanke mata wane ma'auni ya yi tsauri. A Disambar 2014 kotun ƙoli ta ɗauki wannan hukunci ta mai da shi shari'ar jagora mai lamba 39, wato abin da sauran kotuna za su duba in irinta ta zo gabansu. Don haka ikon da Xi'an Jiaotong ta yi amfani da shi ta cire sharaɗin, shi ne dai ikon da wata jami'ar ke da shi ta riƙe nata. Sabuwar dokar ta ƙara abu biyu masu amfani: dole jami'a ta saurari ra'ayin waɗanda abin ya shafa ta kuma bayyana ma'auninta a fili, sannan wanda aka hana digiri yana da damar neman a sake duba lamarinsa.

Har “cin jarrabawar” da ake faɗa ma yana da ƙura. Tun gyaran da aka yi wa CET a 2005 babu makin ci ko faɗuwa a hukumance, takardar sakamako kawai ake bayarwa, mafi girman maki 710. Lambar 425 da kowa ke ambata asalinta makin da zai ba ka damar zama mataki na shida ne. Jami'o'i da kamfanoni ne suka ɗauke ta suka mai da ita layin tsira.

Ni a ganina hukuncin Wuhan daidai ne a shari'a, amma sharaɗin kansa yana da zalunci a ciki. Yaron da ya taso a Shanghai yana jin Turanci tun yana ƙarami, da wanda ya fito daga ƙauye a lardin da aka daɗe ba a lissafa makin sauraro a jarrabawar shiga jami'a, ba wuri ɗaya suka faro ba, sai ga shi kashi 35 na makin CET a kunne yake. A ce na biyun ya yi shekara huɗu yana lissafin ƙarfin gada ko haɗa magani, ya ci komai, sannan a riƙe masa digiri kan wannan? Kuma ɗalibin da ke makaranta kaɗai ke iya yin rajistar CET, wanda ya fita ya fita ke nan. Duk wanda ya ga yaro mai ƙwaƙwalwa ya zauna gida saboda rashin kiredit ɗin Turanci a WAEC ya san ciwon da nake nufi.

Sai dai kada a ɗauka cire sharaɗin ya sauke wa ɗalibi kaya. Harshen waje har yanzu maki 150 ne cikin 750 a jarrabawar shiga jami'a a mafi yawan larduna. Jarrabawar shiga digiri na biyu, wadda mutum miliyan 4.74 suka yi wa rajista a zangon 2023, tana da takardar Turanci mai kalmomi kusan 5,500, kuma tana da nata makin ƙasa: in ba ka kai shi ba, ko jimillarka ta yi yawa ba ka shiga. Masu ɗaukar aiki kuma ba su daina tambayar sakamakon mataki na shida ba.

Yanzu batun shekara bakwai. Gyara na tara da aka yi wa kundin laifukan ƙasar, wanda ya fara aiki 1 ga Nuwamban 2015, shi ya mai da maguɗin jarrabawa laifin da ake ɗauri a kansa. Amma a duba wa ya nufa. Wanda ya shirya maguɗi, ko ya samar da na'urorin yin sa, ko ya sayar da tambayoyi da amsoshi, hukuncinsa har zuwa shekara uku, ko tara, ko duka biyu. In laifin ya yi muni, shekara uku zuwa bakwai da tara. Wanda ya zauna wa wani jarrabawa, da wanda aka zauna masa, nasu ya fi sauƙi: tsarewa ta wata ɗaya zuwa shida, ko sa ido a kansa yana gida, ko tara. Ɗalibin da ya shiga da 'yar takarda a aljihu don kansa ba ya cikin wannan sashe ko kaɗan. Shekara bakwai ta dillalai ce.

Akwai kuma wata gaɓa da ta fi wannan ruɗarwa. Sashen bai ce kowace jarrabawa ba, cewa ya yi jarrabawar ƙasa da doka ta tanada. A Satumbar 2019 kotun ƙoli da babban ofishin masu gabatar da ƙara suka fitar da bayani suka jera su: shiga jami'a, shiga digiri na biyu, ɗaukar ma'aikatan gwamnati, lasisin lauyoyi, likitoci, malamai, akantoci da makamantansu. CET ba ta cikin jerin, domin ma'aikatar ilimi ce ke gudanar da ita ba tare da wata dokar majalisa ta kafa ta ba. Ga abin da wannan ke haifarwa. Mutum ya sayar da amsoshin takardar Turanci ta shiga digiri na biyu a watan Disamba, ya faɗa cikin sashen kai tsaye, kuma shirya maguɗi a wannan jarrabawa ana ɗaukarsa laifi mai muni tun daga farko, wato daga shekara uku abin ke farawa. Wani ya yi irin wannan ciniki a CET a watan nan dai, ba a tuhumarsa da wannan sashen.

Wannan ba ya nufin ya sha. Bayanin 2019 ɗin ya ce a sauran jarrabawa ana iya kama mutum da wasu laifukan in aikinsa ya kai: mallakar sirrin ƙasa ba bisa ƙa'ida ba, sayar da na'urorin leƙen asiri, yin amfani da intanet wajen aikata laifi, ko yin kutse a zangon rediyo. Shi kuwa ɗalibin, abin da zai same shi a makaranta ya ishe shi. Ƙa'idojin kula da ɗaliban jami'a na 2017 sun ba makaranta ikon korar wanda ya zauna wa wani, ko aka zauna masa, ko ya yi amfani da waya ko wata na'ura wajen satar amsa. Ikon ne aka ba ta, ba a tilasta mata ba, shi ya sa laifi iri ɗaya wani ke samun gargaɗi mai tsanani a wannan jami'a, wani kuma a sallame shi a waccan. Waɗannan ƙa'idoji na ladabtarwa ba su tsaya kan CET ba, sun shafi jarrabawar aji ma, kuma jami'o'i na aiki da irinsu a kan baƙin ɗalibai. Ɗanmu da ke Wuhan ko Guangzhou, in ya yarda ya zauna wa abokinsa jarrabawar Turanci don ya fi shi iyawa, gurbinsa da tallafin karatunsa ya sa a caca, kuma takardar zamansa a ƙasar a kan wannan gurbin take rataye.